Sharhi: Su wane ne ke magana da yawun jakinmu?



A watan Fabrairu na 2024 shugabannin ƙasashen Tarayyar Afirka suka zauna a Adis Ababa, suka amince da hana yanka jakai domin fatarsu a duk faɗin nahiyar. Nijar ba ta cikin zauren, tunda an dakatar da ita daga Tarayyar tun watan Agusta na 2023. Sai dai maganar ba baƙuwa ba ce gare mu, don mun riga su. Tun 2016 gwamnati ta hana fitar da jakai daga ƙasa, bayan an lissafa cewa a cikin wata tara na wannan shekara an fitar da kimanin 80,000, alhali a 2015 duka 27,000 ne suka fita. Kuɗin jaki ya ninka sau uku har fiye. Waɗanda suka je kasuwa a lokacin ba su manta ba.

Irin wannan shawara ba ta faɗowa daga sama. Akwai ƙungiyoyi da hukumomi da suka yi shekaru suna tura ta, kuma kowace akwai mutanen da ke jan ragamarta. Yau su muke son mu duba. Mi suka karanta? Wane aiki suka yi kafin su hau kujera? Tambayar tana da amfani, musamman yanzu da hukumomi ke ƙara sa ido kan ƙungiyoyin waje da ke aiki a ƙasarmu. Kowa da abin da sana'arsa ta koya masa ya gani, kuma abin da shugaba ya saba gani shi ne ƙungiya ke sa wa kuɗi.

Mafarin matsalar

A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, suna shan shi a matsayin maganin gargajiya. Da masu saye suka yawaita, jakan ƙasar suka ragu ƙwarai: daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 suka koma ƙasa da miliyan 3. Shi ne ƴan kasuwa suka juyo Afirka, inda kusan kashi biyu cikin uku na jakan duniya suke. Wani rahoto da ƙungiyar The Donkey Sanctuary ta fitar a 2024 ya ce aƙalla jakai miliyan 5.9 ake yankawa kowace shekara saboda fata.

Kun san jaka ba akuya ba ce. Shekara guda take yi da ciki, ta haifi ɗaya, sannan a jira ya girma kafin ya ɗauki kaya. In aka kwashe jakan gari, ba a mayar da su a damina ɗaya. Matar da jakinta ke ɗauko mata jarka huɗu daga rijiya, in ya tafi, kanta ne zai koma ɗauka, ko kan ɗiyarta da ya kamata tana makaranta. Mai amalanke kuwa sana'arsa ce ta tsaya cak.

Mata uku da ba likitoci ba

In muka koma tushen manyan ƙungiyoyin Ingila guda uku da suka fi yin suna a kan dabbobin aiki, abin da za mu tarar zai ba wasu mamaki. Mata ne suka kafa su, kuma babu likitar dabbobi ko ɗaya cikinsu.

Ta farko Kate Hosali. Ita da ɗiyarta Nina suka yi yawo a Arewacin Afirka, suka ga halin da jakai da alfadarai ke ciki a kasuwanni, suka kafa SPANA a 1923. Kate da hannunta ta riƙa wanke gyambon dabbobi a bakin kasuwa. Yau ƙungiyar tana aiki a ƙasashe da dama, har da Mali da Muritaniya.

Ta biyu Dorothy Brooke, matar wani hafsan sojan doki na Ingila. Ta isa Alƙahira a 1930, ta tarar da tsofaffin dawakin da sojan ƙasarta suka sayar bayan yaƙin duniya na farko suna jan kaya, ƙashi da fata. Wasiƙa ta rubuta wa wata jarida a Landan, mutane suka aiko da kuɗi, ta sayi dawaki kusan 5,000. A 1934 ta buɗe asibitin dabbobi a Alƙahira. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta, Brooke, tana da ofishin Afirka ta Yamma a Dakar.

Ta uku Elisabeth Svendsen, wadda ta fara da aikin koyarwa, daga baya ta riƙe otel a yankin Devon. A 1969 ta sayi jakarta ta farko. Bayan ƴan shekaru wata tsohuwa ta rasu ta bar mata gadon jakai 204. Daga nan The Donkey Sanctuary, wato mafakar jakai, ta kafu har ta zama babbar murya a kan batun fata.

Abin da waɗannan mata suka zo da shi tausayi ne, da kuma iya faɗin abin da suka gani har mai kuɗi ya buɗe aljihu. Wannan ba ƙaramin jari ba ne. Amma yana da iyaka. Mai tausayi yakan ga gyambon da ke bayan jaki kafin ya ga mutumin da ke tafe da shi, da dalilin da ya sa bai iya ba shi hutu ba. An ɗauki shekaru kafin ƙungiyoyin su gane cewa in ba ka gyara akumari da amalanke ba, kuma ba ka zauna da mai jakin ba, gyambon da ka wanke yau zai dawo mako mai zuwa.

Masu iya tara kuɗi

Yau waɗannan ƙungiyoyi sun zama manyan ma'aikatu, da ɗaruruwan ma'aikata da kasafin miliyoyi. Shi ya sa in za su naɗa shugaba, sau da yawa ba asibitin dabbobi suke dubawa ba. Marianne Steele, da aka ba shugabancin The Donkey Sanctuary, daga ɓangaren tara kuɗi da sadarwa na ƙungiyar ta taso. Geoffrey Dennis, da ya taɓa riƙe SPANA, kafin nan shugaban reshen Birtaniya ne na CARE, ƙungiyar agaji da mu nan Maraɗi muka san sunanta sosai. Likitocin suna nan cikin gida, suna riƙe da sassan aiki, amma kujerar sama takan koma hannun wanda ya iya kasafi, ya iya magana da ƴan jarida da ministoci.

Kada mu yi saurin cewa wannan aibu ne. Yaƙin fatar jaki ba da allura aka ci shi ba. Da rahotanni aka ci shi, da hotuna, da tarurruka irin wanda aka yi a Darussalam ta Tanzaniya a watan Disamba na 2022, inda aka nemi a dakatar da cinikin. Wannan aiki ne na wanda ya san yadda ake shigar da magana kunnen manya.

Haɗarin yana wani wuri. Kuɗin waɗannan ƙungiyoyi mafi yawa daga aljihun mutanen Turai yake fitowa, kuma mai tara kuɗi dole ya ba da labarin da zai taɓa zuciyarsu. Hoton jaki da ciwo ya fi saurin kawo gudummawa bisa bayanin cewa rijiyar garin gaba talatin ce kuma babu famfo. In ba a yi hattara ba, sai talakan da ke fama ya koma shi ne mugu a cikin labarin. Mu kuwa mun san akwai masu zaluntar dabba a cikinmu, kuma laifi ne da addini da al'ada duk suka hana. Mun kuma san akwai wanda ke raba ɗan dussar da ya samu tsakanin jakinsa da akuyarsa a tsakiyar bazara.

Gidan likitoci

Ɓangare na biyu shi ne hukumomin gwamnatoci, kuma nan likitocin dabbobi ne ke da gida. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda tsofaffin ma'aikatan kiwo suka sani da OIE, yanzu kuma ake ce mata OMSA, an kafa ta a Paris a 1924. Dalilin kafa ta bushiya ce, bayan cutar ta ɓulla a Beljiyam a 1920 ta hanyar shanun da aka ratso da su daga Indiya. Shugabanninta uku na baya-bayan nan duk likitocin dabbobi ne ƴan Faransa: Bernard Vallat, wanda ya yi shekaru yana aikin kiwo a ƙasashen Afirka kafin ya hau, Monique Eloit, mace ta farko a kujerar, daga 2016, sai Emmanuelle Soubeyran da aka zaɓa a watan Mayu na 2024, wadda ta riƙe makarantar likitocin dabbobi ta Liyon kuma ta zama babbar likitar dabbobi ta gwamnatin Faransa.

A Afirka kuma akwai ofishin albarkatun dabbobi na Tarayyar Afirka da ke Nairobi, wanda shi ya shirya takardun da suka kai ga shawarar Adis Ababa. Dakta Huyam Salih, likitar dabbobi ƴar Sudan, ita aka ba riƙonsa a 2023.

Ba mu da bakin gode wa wannan sana'a. Dattawan makiyaya suna ba da labarin yadda bushiya ke share garke a mako guda. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Haka kuma a 2019, da murar dawaki da jakai ta ratsa Afirka ta Yamma ta kashe dubban jakai a ƙasarmu, likitoci ne suka gano ko wace cuta ce, suka kuma ja kunne cewa kai da kawo da dabbobi ba bincike yana yaɗa irinta.

Sai dai idon likita cuta yake nema da farko, sannan ciniki tsakanin ƙasashe. Ku duba lissafin shekaru. An kafa hukumar a 1924, amma sai a 2005 ta fara fitar da ƙa'idojin kyautata wa dabbobi, na sufuri da na yanka. Na jakai da dawakin aiki kuwa sai a 2016. Shekara 92 ke nan. Ba mugunta ba ce. Saniya ana sayar da namanta da nononta a ƙetare, tana da lamba a kasafin ƙasa. Jaki aikinsa a cikin gida yake ƙarewa, tsakanin rijiya da gona da kasuwar mako, babu mai rubuta shi. Ko a wurinmu, in an fito rigakafin shekara, shanu da tumaki da awaki da raƙuma ake kira. Wa ya taɓa jin an ce a kawo jakai?

Masu karatun halin dabba

Akwai kashi na uku da ba a cika jin su ba, su ne masana halayyar dabbobi. Aikinsu shi ne su zauna su kalli dabba: mi ke ba ta tsoro, yaya take nuna ciwo, mi take so in an bar ta ta zaɓa.

A Ingila, bayan wata mata mai suna Ruth Harrison ta rubuta littafi a 1964 kan yadda ake cunkushe kaji da maruƙa a gidajen kiwo na zamani, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell, masanin ilimin dabbobi. An haɗa likitoci da masana noma da wani masanin halayyar tsuntsaye daga Kembirij. Daga rahotonsu na 1965 aka samo abubuwa biyar da yau duniya ke auna jin daɗin dabba da su: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada ta rasa wurin hutawa mai kyau, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada ta zauna cikin tsoro, kuma a bar ta ta yi halinta na dabba. Da likitoci kaɗai ne a kwamitin, da wuya na huɗu da na biyar su shiga.

A Amurka akwai Temple Grandin, malama a jami'ar jihar Kolorado. Ita ta riƙa shiga cikin shingen da ake kora shanu, ta sunkuya daidai tsayin idon saniya, ta ga abin da ke tsayar da su: inuwa a ƙasa, sarƙa tana lilo, rigar da wani ya rataya. Ta zana hanyoyi masu lanƙwasa da shanu ke bi ba duka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin allurar shanu ya ga yadda ake fama da sanda da ihu, ya san darajar wannan ilimi.

Game da jaki ma sun faɗi abubuwan da ya kamata kowa ya riƙe. Abin da muke kira taurin kai sau da yawa tsoro ne: doki in ya firgita gudu yake, jaki tsayawa yake ya ƙi motsi, kuma duka ƙara masa tsoron yake. Jaki yana ɓoye ciwo, ba ya birgima da shure-shure kamar doki. In ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi, ya daina cin abinci, to abin ya riga ya yi nisa, a nemi ma'aikacin kiwo ranar nan. Kuma yakan shaƙu da abokin zamansa, in aka raba su sai ya ƙi ci.

To, ku faɗa mana, wanne ne sabo a cikin waɗannan ga tsohuwar da ta shekara talatin tana jan ruwa da jaki a arewacin Dakoro? Ta sani. Garso da ke gaban garke ya san saniyar da za ta kwanta tun kwana biyu kafin ta kwanta. Bambancin kawai shi ne na wancan an rubuta, an ba shi digiri, na wannan yana cikin kai.

Kujerar da babu kowa

Nan ne maganarmu take. Mun ga mai tausayi, mun ga mai kasafi, mun ga likita da masani. Wanda ba mu gani ba a saman waɗannan ƙungiyoyi shi ne wanda in jakin ya mutu, shi ne zai kwana da yunwa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma rashinsa yana da sakamako. An hana fitar da jakai, amma iyakarmu da Najeriya ta fi kilomita 1,400, kuma a kudancin Najeriya akwai kasuwannin da ake yanka jakai. Wa ya san hanyoyin dajin da ake kora su da dare? Wa ya san dillalin da ya fara sayen jakai goma-goma alhali ba shi da gona? Ba wanda ke Nairobi ko Landan ba. Sarkin kasuwa ne, da dillalai, da ƴan amalanke, da matan gari. Doka ta tsaya a takarda in waɗannan ba su ɗauke ta tasu ba. Akwai kuma tambayar da mai ofis ba zai yi ba: wanda jakinsa ya tsufa, ko rashin lafiya ta kama shi yana neman kuɗin magani, wa zai saya masa a farashin da ba zalunci?

Ba daga sifili za mu fara ba. Makiyaya sun nuna ana iyawa. Ƙungiyar AREN tun 1990 take, kuma da ita da takwarorinta na Mali da Burkina Faso aka kafa haɗakar Billital Maroobe a 2003. Da muryar irin waɗannan ƙungiyoyi aka samu dokar kiwo ta 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. A ɓangaren magani kuma, tsarin likita mai zaman kansa da mataimakansa na ƙauye, wanda aka fara gwadawa a Dakoro a farkon shekarun 2000, ya yi aiki ne saboda mataimakan ƴaƴan gari ne, jama'a suka zaɓe su, suna jin yaren mai dabba. Likitan ya kawo karatun Dakar, su suka kawo sanin daji. Abin da ya rage shi ne masu jakai su ma su samu irin wannan tsari, kuma mata su kasance a gaba, tunda su suka fi kowa aiki da shi.

Abin da za mu tambaya

Saboda haka, duk ranar da wata ƙungiya ta zo garinku da maganar dabbobi, ta waje ce ko ta gida, a tarbe ta da mutunci, a ba ta ruwa, sannan a yi tambaya. Wa ke shugabancinta, kuma mi ya yi kafin nan? Akwai likitan dabbobi mai takarda a cikin aikin, ko kuwa kowa zai riƙe allura? Ma'aikatar kiwo da magajin gari sun san da zuwansu? A kwamitin da zai yanke shawara, kujera nawa ce ta masu dabbobin, kuma nawa ce ta mata? In furojen ya ƙare bayan shekara uku, wa zai ci gaba da ɗinka akumari mai kyau da gyaran amalanke? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin irin wannan tambaya.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, da yawanku kun aiko da kuɗi an saya wa inna ko baba jaki. Ku riƙa tambayar lafiyarsa in kun kira waya, kamar yadda kuke tambayar gero. Jika ɗaya ko biyu na maganin tsutsar ciki da dussa a bazara sun fi sauƙi bisa sayen wani. In kuma akwai ɗa ko ɗiya a gida da ke son karatun likitan dabbobi, a taimaka masa. Kujerun da muka lissafa ba gado ba ne. Dakta Huyam daga Sudan ta fito, kuma babu abin da ya hana wata rana a ji sunan ɗan Tawa ko ɗiyar Damagaram, wanda ya tashi yana kora jaki zuwa rijiya kafin ya riƙe alƙalami.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman na ƴan amalanke da mata masu ɗibar ruwa: yaya farashin jaki yake a kasuwarku yanzu, kuma ana satar su a yankinku ko abin ya lafa? Za mu karanta saƙonninku a shirinmu na noma da kiwo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana bisashenmu.